Kada a Yi Mata Fomat: Ma'adanar da Ta Ƙi Buɗewa Ba Lalle Ta Mutu Ba

A shagunan buga takardu da na gyaran kwamfuta a Dutse, haka ma a Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun, akwai hukunci guda da ake yawan yanke wa filash ko babbar ma'adanar waje idan ta ƙi buɗewa: "Bairos ne, sai an yi mata fomat." Hukunci ne da ba ya ɗaukar minti guda. Ba a tambayi mai kaya a wace kwamfuta ya yi aiki da ita na ƙarshe ba, ba a canza kebul ba, ba a gwada ta a wata na'ura ba. Mai kaya kuma, da yake bai san abin da zai ce ba, sai ya gyaɗa kai. Da wannan gyaɗa kai ne kundin kammala digiri na ɗalibi, ko jadawalin albashin wata ma'aikata, ko hotunan bikin da aka riga aka biya mai ɗauka kuɗinsa, suke salwanta.

Wannan ɗabi'a gyaran gangar Auzinawa ce, kuma lokaci ya yi da za a daina kiranta gyara. Da yawa daga cikin ma'adanan da ake wankewa lafiyarsu ƙalau, bayanansu na nan daram. Abin da ya faru kawai shi ne an kai su gaban kwamfutar da ba ta iya karanta su ba, ko kuma wani ƙaramin cikas ya shiga tsakani. Wanda ya fahimci yadda kwamfuta ke karɓar ma'adana ba zai yarda a taɓa maɓallin fomat ba sai ya ƙure bincike.

Rajistar ajami a hannun ɗan boko

Ma'adana kamar katafaren sito ce mai ɗakuna miliyoyi. Ana zuba bayanai a ɗakunan nan a warwatse, sannan a rubuta a littafin rajista cewa takarda kaza tana ɗaki kaza da ɗaki kaza. Wannan rajista da ƙa'idar rubuta ta su ne tsarin adana bayanai. Idan aka soka ma'adana, kwamfuta tana bin matakai uku. Da farko ta ji cewa an jona mata wata na'ura. Sannan ta karanta taswirar da ke nuna kashi nawa aka raba siton. Daga nan ta buɗe rajistar kowane kashi, ta ba shi suna ko harafi, ta nuna wa mai aiki. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan na iya cijewa, kuma kowanne da maganinsa daban.

Matsalar mataki na uku ta fi kowacce ruɗa mutane. A ɗauka an rubuta rajistar sito da ajami, aka miƙa wa magatakardan da boko kaɗai ya iya. Mai gaskiya zai ce bai iya karantawa ba, a nemo wanda ya iya. Marar gaskiya zai ce ai littafin nan zane-zane ne kawai, a yage shi a buɗe sabo. Fomat shi ne yage rajistar. Kayan suna nan a ɗakunansu, amma babu sauran wanda ya san inda kowanne yake, kuma duk sabon kayan da aka shigo da shi a kan tsohon za a jibge shi.

Manyan manhajojin kwamfuta ba rubutu ɗaya suke yi ba. Windows ta kamfanin Microsoft tana amfani da NTFS tun 1993. Kwamfutocin Apple sun yi amfani da HFS+ daga 1998, sannan suka koma APFS a 2017. Linux, wadda ake samu a kan uwayen garken ma'aikatu da kwamfutocin ɗaliban kimiyyar kwamfuta, ta fi amfani da ext4, wanda ya kankama a 2008. Windows ba ta karanta APFS ko HFS+ ko ext4 da kanta, sai an ƙara mata wata manhaja. Kwamfutar Apple tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa, shi ya sa mai MacBook zai ga fayilolinsa a kan ma'adana amma ya kasa ajiye sabo ko gyara tsoho, har ya ɗauka ma'adanar ce ta lalace. Linux ce ta fi su iya harsuna: tana karanta NTFS tana rubutu a kansa, kuma tun 2021 wannan damar ta shiga cikin ƙashin bayan manhajar kai tsaye.

Akwai rubutu biyu da kusan kowa ke ganewa. Na farko FAT32, wanda ya fito a 1996. Tsohuwar na'urar buga takardu da rediyon mota da talabijin duk suna karanta shi, amma ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Mai ɗaukar bidiyon biki da ya ga filash mai gigabait 32 babu komai a ciki, amma kwamfuta ta ce fayil ɗinsa ya yi girma, wannan iyakar ce ya ci karo da ita. Na biyu exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006 domin filash da katin ajiya. Kwamfutocin Apple sun fara karanta shi da rubutu a kansa tun 2010. A watan Agustan 2019 Microsoft ta wallafa bayanin tsarinsa ga kowa, a shekarar kuma ya shiga Linux. Shi ne rubutun da manyan manhajojin uku suka haɗu a kansa a yau.

Saƙon da ke ingiza mai kantu ruwa

Kafin a ɗora wa mai shago dukkan laifi, a duba abin da kwamfutar kanta ke faɗa. Idan Windows ta gamu da rajistar da ba ta gane ba, ko dai ta yi shiru kamar ba a soka komai ba, ko kuma ta fito da saƙo cewa dole a yi wa ma'adanar fomat kafin a iya amfani da ita, ga maɓallin yin hakan a gaban mutum. Kwamfutar Apple takan ce ba ta iya karanta ma'adanar ba, wanda ya fi kusa da gaskiya, amma ita ma tana ajiye maɓallin da ke kai mutum ga wankewa a gefen na cirewa. Babu wadda ke cewa a sarari: wataƙila wata manhaja ce ta rubuta wannan, kada ka taɓa, je ka gwada a can.

Wannan gazawar kamfanonin ce, kuma ta cancanci suka. Injiniyoyin da suka iya gina manhajar da ke gane fuskar mutum ba za su kasa rubuta jumla guda mai gaskiya ba. Sai dai gazawarsu ba ta wanke wanda ya buɗe shago ya rataya allon gyaran kwamfuta. Mai kaya ya zo wurinsa ne domin ya fi saƙon kwamfuta sani. Idan abin da zai yi shi ne danna maɓallin da kwamfutar ta nuna, to mai kaya ya biya kuɗi ne a kan abin da zai iya ɓata wa kansa kyauta a gida.

Sauran dalilan da ba bairos ba

Bambancin rubutu dalili ɗaya ne cikin da yawa. Na gaba shi ne wuta. Kafar USB ta tsohon samfuri, wato 2.0, miliamfa 500 take bayarwa, ta 3.0 kuma 900. Babbar ma'adana mai faifai da ke juyawa a ciki tana buƙatar ƙarfi sosai a lokacin tashi. Idan aka soka ta a kafar gaban kwamfutar tebur, ko ta doguwar igiya mai arha, ko ta mahaɗar da ke ɗauke da na'urori huɗu, sai ta riƙa ƙyasƙyas tana ɗaukewa. Canza kebul ko komawa kafar bayan kwamfuta yakan warware abin da aka kusa yanke wa hukuncin kisa.

Akwai kuma ma'adanar da Windows ta gani sarai amma ba ta ba ta harafi ba. Ba za ta bayyana a inda aka saba ganinta ba, amma idan aka buɗe Disk Management za a same ta zaune lafiya. Ba ta harafi aikin daƙiƙa goma ne.

Sai cirewa da garaje da ɗaukewar wuta. Duk wanda ke aiki a Jigawa ya san yadda wutar lantarki ke zuwa ta tafi, da tazarar da ke tsakanin ɗaukewarta da tashin janareta. Idan kwamfutar tebur ta mutu tana tsakiyar rubutu, ko aka fizge filash ana sauri, rajistar takan tsaya rabi a rubuce. NTFS da ext4 suna ajiye ɗan littafin tunatarwa na abin da suke shirin yi, don haka sukan farfaɗo da kansu. FAT32 da exFAT ba su da wannan, shi ya sa suka fi saurin rikicewa. A irin wannan hali Windows takan nuna ma'adanar a matsayin RAW, ma'ana ba ta ga rajistar da ta gane ba. Bayanan galibi suna nan.

Wani cikas ya shafi masu haɗa Windows da Linux. Tun Windows 8 a 2012, kashe kwamfuta ba kashewa ce ta ƙarshe ba, domin akwai tsarin saurin tashi da ke sa ta yin wani irin barci. Ma'adanar NTFS da ke jone a lokacin tana iya fita da alamar cewa ba a rufe ta da kyau ba. Linux idan ta ga alamar sai ta ƙi rubutu a kanta, ko ta ƙi buɗe ta gaba ɗaya, don gudun ɓarna. Wannan ladabi ne irin na manhaja. Maganinsa a mayar da ma'adanar kan Windows a cire ta bisa ƙa'ida.

Sai filash na jabu, wanda ya cika kasuwanni. Ana sarrafa ƙwaƙwalwarsa ta yadda zai gaya wa kwamfuta cewa yana ɗaukar gigabait 128, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8 ba. Yana aiki lafiya har a cika ainihin cikin, daga nan sabon abu ya riƙa hawa kan tsoho ko ya ɓace a iska, sunayen fayiloli na nan amma ba sa buɗuwa. Fomat ba ya gyara wannan, sabunta tarkon kawai yake yi. Akwai manhajoji kyauta, irin su H2testw da F3, da ke cika filash su karanta don tona asirinsa, kuma ranar saye ake wannan gwajin, kafin a ba shi amanar komai.

Bairos ɗin ma da gaske akwai shi, kuma kwamfutocin shagunan da filash ɗari ke shiga a yini su ne matattararsa. Amma wanda ya fi yawo shi ne mai ɓoye fayiloli ya bar 'yan gajerun hanyoyi masu kama da su. Wannan bai goge komai ba, lulluɓewa kawai ya yi. A kwamfuta mai tsabta, umarnin attrib -h -r -s /s /d yana yaye lulluɓin, a kwashe bayanan, sannan a wanke filash ɗin. Wato ko a inda mai shago ya faɗi gaskiya cewa bairos ne, wankewa ita ce ta ƙarshe a jere, shi kuma da ita yake farawa.

Jerin da ya kamata a bi

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a rubuta komai a kan ma'adanar da ke da matsala. Daga nan a tambayi tarihinta: wace kwamfuta ta fara tsara ta, wacce ta yi aiki da ita na ƙarshe, yaya aka cire ta. A canza kebul da kafa. A duba ko kwamfuta na jin ta: Disk Management a Windows, Disk Utility a Apple, umarnin lsblk a Linux. Idan ta bayyana da girmanta daidai, to na'urar na da rai, matsalar ta rajista ce ko ta rubutu. A mayar da ita irin kwamfutar da ta fito. Idan kulle take da BitLocker, kalmar sirri ko mabuɗin ceto take buƙata, babu dabarar da ta wuce wannan.

Idan duk da haka ta ƙi, sai a ɗauki hotonta kaf zuwa wata ma'adana da manhaja irin ddrescue, a yi aikin ceto a kan kwafin. TestDisk kan gyara taswira da rajistar da suka rikice, PhotoRec kuma kan tsinto fayiloli ko da rajistar ta tafi. Waɗannan biyun kyauta ne, wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta su. Ma'adanar da ke ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa kuwa, bayan an tabbatar ba ƙarancin wuta ba ne, a kashe ta nan take, domin kowane juyi na iya ƙara karce faifan.

Ko wanda aka riga aka yi wa fomat bai kamata ya yanke ƙauna ba. Fomat mai sauri rajista kawai yake sabuntawa, kuma a kan faifai ko filash sau da yawa ana iya ceto abin da ke ciki. Cikakken fomat ne, tun daga Windows Vista, ke bin ɗaki-ɗaki yana shafewa. Babbar ɓarnar takan zo bayan wankewa, lokacin da aka zuba fina-finai da waƙoƙi a kai don a nuna wa mai kaya cewa ta gyaru.

Uzurorin da ake kawowa

Mai shago zai ce ceto yana cin awanni, wuta da man janareta na cin kuɗi, mai kaya kuma kuɗin minti biyar ya zo da shi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma masu kaya su ma suna da laifin raina aikin ƙwararre. Amma abin da ta halatta shi ne mai shago ya ce: bayananka wataƙila suna nan, cetonsu zai ci kaza, ko kuma ni ban iya ba, gwada wani a nan ko a Kano. Ba ta halatta masa ya ce babu mafita sai wankewa ba. Tela da bai iya ɗinkin babbar riga ba yakan mayar da yadi, ba ya yanka shi ya ce dama ruɓaɓɓe ne.

Wasu kuma, musamman masu ilimin zamani, za su ce zancen filash ya zama tsohon yayi, kowa ya koma ajiya a intanet. Ga takardar rubutu wannan shawara ce mai kyau: Google na ba da gigabait 15 kyauta, kundin digiri kuma bai kai ko kusa da gigabait guda ba, saboda haka ɗalibin da bai aika wa kansa kwafi ta imel ba ba shi da hujja. Amma mai ɗaukar bidiyo a Gwaram ko Miga da ke tara gigabait masu yawa a biki guda, da kuɗin data da ƙarfin sabis na ƙauye zai ɗora su? Ma'aikacin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya ko na ma'aikata kuma ba shi da hurumin zuba su a asusunsa na kansa. Ma'adanar hannu za ta daɗe tana aiki a wannan yanki, don haka koyon riƙe ta ya fi yi mata ba'a amfani.

Inda nauyin ya fi yawa

Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar fasahar sadarwa. Jihar da aka ƙirƙira a ranar 27 ga Agustan 1991 ta yi suna tun zamanin mulkin Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, da aikin intanet na Galaxy da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta Kazaure. A yau akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, ɗan Haɗeja ne. Jihar da ke da wannan tarihi ba ta rasa masu sanin bambancin NTFS da exFAT ba. Abin da ake buƙata shi ne sanin ya sauko daga aji zuwa teburin magatakarda da bencin mai gyara.

Ga ma'aikatu maganar ta wuce shawara. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su daga ɓacewa da lalacewa da faɗawa hannun wanda bai dace ba. Ma'aikacin da ya ɗauki ma'adanar ofis ya kai shagon bakin titi ya jefa kansa cikin haɗari biyu lokaci guda: a wanke bayanan, ko a kwafe su. A watan Yunin 2022, a birnin Amagasaki na Japan, wani ma'aikacin ɗan kwangila ya ɓatar da filash mai ɗauke da bayanan mazauna birnin kusan 460,000. Hukumomin birnin sun fito sun nemi afuwar jama'a, duk da cewa filash ɗin a kulle yake kuma an same shi daga baya. Haka ake ɗaukar amanar bayanai a inda aka san darajarta.

Abin da kowane ofis, makaranta ko asibiti ke buƙata bai fi shafi guda ba. Ma'adanar da za ta riƙa yawo tsakanin kwamfutoci iri-iri a tsara ta da exFAT tun tana sabuwa, a rubuta tsarin a jikinta da alƙalami. Wadda za a soka a tsohuwar na'urar buga takardu a bar ta a FAT32. Wadda aka keɓe don ajiya ta dindindin ta zauna a kan rubutun kwamfutar da ke kula da ita. A gwada kowane sabon filash kafin amfani. A cire kowace ma'adana ta hanyar da manhaja ta tanada. Kowane bayani mai muhimmanci ya kasance da kwafi uku, a kan irin ma'adana biyu, ɗaya a wani gini daban, domin gobara da ambaliya ba sa tambayar wane kwafi ne na asali. Sannan babu wanda zai yi wa ma'adanar ofis fomat sai da izinin jami'in da aka ɗora wa alhakin hakan a rubuce.

Jami'o'i da kwalejoji kuma za su iya ware awa guda a makon karɓar sabbin ɗalibai don wannan darasi, su buɗe ɗan teburin ceto bayanai da ɗaliban kimiyyar kwamfuta za su riƙa zama a kai a lokacin rubuta kundi. Ƙungiyoyin masu gyaran waya da kwamfuta su mayar da tambayar "kana da kwafi?" sharaɗi kafin a taɓa kayan kowa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kwangila ko sabon gini.

Filash ana sayen wani a kasuwa gobe. Shekara guda ta bincike, ko rajistar filayen wata unguwa, ko muryar dattijon da aka naɗa kafin rasuwarsa, ba a sayar da su ko'ina. Duk wanda kwamfuta ko mai shago ya ce masa sai an yi fomat, amsar da ta dace ita ce ya zare ma'adanarsa bisa ƙa'ida, ya saka a aljihu, ya nemi wanda zai fara da tambayar inda ta fito.